Daurama Ta Shiga Wasan Kwamfuta: Me Ya Hana Mu Gina Namu Fagen?

Ranar 1 ga Satumba, 2020, kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar da wasan kwamfuta mai suna Crusader Kings III, kuma tun daga ranar sunan Daura ya shiga gidajen da ba su taɓa jin an ambaci Katsina ba, balle Sandamu ko Mai'aduwa. A wasan, mutum zai zaɓi wani basarake na zamanin da, ya riƙe masa ƙasa, ya yi aure, ya haifi magada, ya ƙulla zumunci da maƙwabta ko ya kai musu yaƙi, har zuriyarsa ta shafe ɗaruruwan shekaru a kan gado. Cikin 'yan tsirarun sarakunan da aka ware aka sa a gaba domin wanda zai fara daga shekarar 867, akwai Daurama ta Daura. Masu wasan sun kira addinin ƙasarta Bori, sun kuma tanadi lambar yabo ga duk wanda ya fara da ita, zuriyarta ta gyara addinin gargajiya ta yaɗa shi a Afirka baki ɗaya.

Duk sa'ad da hoton wannan Daurama ya faɗo a wayar wani ɗan Daura, sai magana ta tashi. Wani ya ce an mai da kakarmu abin wasa. Wani ya ce da gangan aka yi don a jingina mana maguzanci. Wani kuma ya yanke hukunci a taƙaice, ya ce irin waɗannan wasanni caca ce da tsafi, a raba yara da su kawai. Ɓacin ran da batun Bori ya jawo abin fahimta ne, domin Daura ƙasar Musulunci ce tun ƙarnoni masu yawa, kuma ba mai son a gabatar da gidansu ga duniya da fuskar da bai yarda da ita ba. Amma akwai wata fahimta da ta fi waɗannan duka yaɗuwa, wadda kuma ta fi su yi mana illa: wai duk wanda ya saka tarihi a cikin wasa, ɓata shi ya yi. A ganina akasin haka ne. Wasa irin wannan yana tilasta wa mai shirya shi ya san tarihi fiye da yadda jarrabawar makaranta ke tilasta wa ɗalibi, kuma ƙasar Daura tana da zamunna da dama da suka dace da shi, ba zamanin macijin Kusugu kaɗai ba.

Yadda ake wasan

Asalin wannan nau'i ba a kwamfuta yake ba. A kan tebur aka fara shi, da takarda da fensir. A 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka wallafa Dungeons & Dragons, wanda daga gare shi sauran suka samo tushe. Za mu iya kiran sa wasan shiga labari, kuma hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce a tuna da tatsuniyar dare a tsakar gida. A tatsuniya, goggo ce ke riƙe da labarin daga farko har ƙarshe. Ita ta san abin da Gizo zai yi, ita ta san inda Ƙoƙi za ta kama shi, yara kuwa nasu sauraro ne da dariya. To a ɗauka goggo ta ce wa yaro ɗaya, kai ne Gizo yau, ta ce wa wata, ke ce Ƙoƙi. Ta kwatanta musu daji da rafi da gidan sarki, sannan ta tsaya ta tambayi yaron: ga kura ta tare hanya, me za ka yi? Abin da ya faɗa shi ne zai faru, ita kuma ta faɗi abin da ya biyo baya. Goggo ta san dajin, amma ba ta san ƙarshen labarin ba, domin yaran ne ke saƙa shi tare da ita. In yaron ya ce zai tsallake rafi, ana bukatar abin da zai raba gardama a kan ko ya tsallake ko ya faɗa ruwa, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, wadda ta fi shahara a cikinsu mai fuska 20 ce. Wanda ke zaune a mazaunin goggo shi ake kira jagoran wasa.

Maganar caca ba ta da tsawo. Ba a zuba kuɗi, ba mai ci, ba wanda ake cinyewa, domin 'yan wasan gefe ɗaya suke, tare suke tsira ko su faɗi. Gaskiya ne akwai hadisi ingantacce a kan wasan nardi, kuma malamai sun yi bayani a kan jefa ƙwaya. Wannan fage nasu ne, su ya kamata a tambaya. Abin da ya dace a sani shi ne ƙwayar ba ita ce ran wasan ba. Tun 1991 aka fitar da wani mai suna Amber wanda babu jifa a cikinsa sam. Batun tsafi ma ba mu muka fara jin tsoronsa ba. A shekarun 1980 iyaye da majami'u a Amurka sun tayar da ƙura a kan Dungeons & Dragons, har kamfanin TSR da ke wallafa shi a lokacin ya cire sunayen shaiɗanu daga bugun 1989. Darasin da ke ciki shi ne mai shirya wasa yana da ikon ya daidaita shi da abin da jama'arsa suka yarda da shi.

Me ya sa kullum Turai?

Duk wanda ya taɓa ganin irin waɗannan wasanni ya san fagen da suka saba: gidan sarki na dutse, jarumi cikin sulken ƙarfe tun daga kai har ƙafa, dusar ƙanƙara, dodo mai fukafukai. Dalili a fili yake. Waɗanda suka fara abin sun tashi da littattafan J. R. R. Tolkien da wasannin yaƙin Turai na tsakiyar zamani, sai suka gina da abin da ke hannunsu. Ba a daɗe ba su da kansu suka fara neman wasu zamunna da wasu ƙasashe. Bushido ya fito a 1979 da Japan ta zamanin samurai. Kamfanin TSR ya fitar da Oriental Adventures a 1985, sannan Al-Qadim a 1992, wanda ya ɗauko yanayin hikayoyin Dare Dubu da Ɗaya. A farkon shekarun 1990 kamfanin ya jera littattafai a kan zamanin Baikin, da na Sarki Shalman, da na Rum, da na Girka.

Afirka ta zo a makare. Nyambe na Chris Dolunt ya fito a 2002, Spears of the Dawn na Kevin Crawford a 2013. A Kamaru, kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba ya fitar da Aurion a 2016, wasan kwamfuta da 'yan Afirka suka gina da hannunsu. Hausawa kuwa sun shiga Age of Empires III a watan Agustan 2021, da mahayan lifidi da Sarauniya Amina a matsayin jagora, kuma Amina ta sake bayyana a Civilization VII a 2025. Waɗannan biyun wasannin dabarun mulki da yaƙi ne, amma suna nuna abu ɗaya: kasuwar duniya ta gaji da fage guda, tana neman sabo, ta kuma riga ta leƙo ƙasar Hausa.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan sana'a. Gandoki na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934 daga gasar rubutun da aka shirya a 1933, ya fara da yaƙe-yaƙen zuwan Turawa, sannan ya kai jaruminsa ƙasashen aljannu. Ke nan haɗa tarihi da almara a rubuce ya kai shekara 90 a wurinmu. Abin takaicin shi ne littattafan yaƙi da matasa suka yi ta karantawa daga kasuwar Kano mafi yawansu sun kwashe jarumansu sun kai su Misira da Farisa da Birnin Sin. Turawa sun maƙale a Turai, mu kuma mun maƙale a Gabas, aka bar ganuwar gida ba kowa.

Zamanin Magajiyoyi

Zamani na farko shi ne wanda kowa ya sani. Sarauniyoyi suna mulki, an taso daga Tsohon Birni an kafa Daura, maciji ya hana ɗibar ruwa a Kusugu sai ranar Juma'a. Baƙo mai suna Bayajidda ya baro Bagadaza, ya zauna a Barno, ya bar matarsa a Garun Gabas, maƙeran Gaya suka ƙera masa makami, ya sauka a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa da dare, ya kashe macijin. Daga nan sai Bawo da Karbagari, sai Hausa Bakwai.

A nan ne masu cewa an ɓata tarihi ya kamata su dakata. Masana tarihi da kansu ba su haɗu a kan wannan labari ba. A 1966 W. K. R. Hallam ya danganta Bayajidda da Abu Yazid, wanda ya yi wa daular Faɗimiyya tawaye a Arewacin Afirka, ya mutu a 947. Abdullahi Smith, a 1970, ya nuna cewa ba a fahimtar kafuwar ƙasashen Hausa ta hanyar zuwan baƙo guda, a duba noma da ƙira da kasuwa da yadda ƙauyuka suka zama birane. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Infaƙul Maisuri, ya kawo wata ruwaya daban wadda ta danganta Bawo da Barno. Shekarar 867 da aka liƙa wa Daurama zaɓin masu wasan ne, domin daga nan wasansu ke farawa. Inda malamai suka saɓa, dole mai wasa ya zaɓi ɗaya, kuma zaɓinsa ba hukunci ba ne a kan tarihi. In muna ganin zaɓinsu bai yi ba, maganin shi ne mu fito da namu. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Ko a wannan zamani ma, ba Bayajidda ne ya fi dacewa da wasa ba, domin an riga an san ƙarshen labarinsa. Abin da ya fi armashi shi ne garin kafin ya iso, da safiyar da ta biyo bayan kisan. Yaya mutane ke raba ruwan mako guda? Wa ke shiga gaba a layi ranar Juma'a? Ruwayar ta ce da gari ya waye an aika manyan fada su dubo, Galadima ya kasa matsawa, Kaura ne ya isa har wurin ya tabbatar macijin ya mutu. Ta kuma ce mutane da dama sun yi da'awar su suka kashe shi, sai da aka ce a kawo kan. Ga fada, ga masu ƙarya, ga sarauniya da ta yi alkawarin rabin gari. Mutum biyar za su iya kwana suna wasa a cikin wannan safiya ɗaya.

Zamanin birane da fatake

Na biyu shi ne daga ƙarni na 14 zuwa na 18, lokacin da biranen Hausa suka yi ganuwa suka cika da baƙi. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun iso a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, ya kuma ce a zamanin Kananeji aka shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Muhammadu Rumfa ya hau a 1463, ya kafa kasuwar Kurmi, Shehu Magili ya zo ya rubuta masa nasiha a kan mulki. Katsina ta zama matattarar malamai, Kanta ya gina Surame a Kabi, Mai Idris Aloma na Barno ya samo bindigogi da masu koyar da harbi daga Turkawa. Daura, wadda ke tsakanin Kano da Katsina da hanyar arewa, ƙarama ce a ƙarfin yaƙi amma uwa ce a daraja.

Wasannin Turawa sukan raba 'yan wasa gida huɗu: mayaƙi, ɓarawo, boka, limamin coci. Wannan zamani namu ya fi haka yalwa nesa ba kusa ba. Akwai barde da ɗan lifidi da ɗan baka. Akwai madugu da jagaba. Akwai almajiri mai yawon neman ilimi da gafakarsa, da maƙeri, da marini, da baduku, da wanzami, da maroƙi wanda ke shiga inda wani ba ya shiga, da jakadiya wadda ke ɗauke da sirrin cikin gida, da ɗan tauri, da gardi mai wasa da kura. Kowannensu yana da abin da ya iya, da wanda yake gaisarwa, da abin da al'ada ta hana shi. Waɗannan ƙa'idoji ne da rayuwa ta riga ta tsara, mai shirya wasa rubutawa kawai zai yi.

Lokacin da Daura ta zama uku

Zamanin da na fi ganin ya cancanci a fara da shi shi ne ƙarni na 19, kuma shi ne wanda yaranmu suka fi jahilta. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804, Malam Isiyaku ya karɓo tuta ya ci birnin Daura. Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa, kuma daga baya zuriyar tsohon gidan sarauta suka kafu a Zango da Baure. Aka wayi gari akwai gidaje uku, kowanne yana ganin shi ne Daura. Birni yana bin Sakkwato. Zango da Baure suka shiga ƙarƙashin inuwar Damagaram, wadda a zamanin Sarki Tanimu ta yi ƙarfin da har igwa ake ƙerawa a Zindar. Daga kudu Ɗan Tunku ya yanki ƙasa ya kafa Kazaure. Daga yamma Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya suna Maraɗi suna kai hari. Duk wannan a kan hanyar fatauci da ta haɗa Kano da Damagaram da Agadas har zuwa Tarabulus.

A ɗauka matasa biyar ne zaune a zaure bayan sallar isha'i, fitila a tsakiya, kowa da takardarsa. Jagoran wasa ya ce shekarar wajen 1870 ce, ayarinku ya baro Kano da jakai ɗauke da turkuɗi da goro, za ku Damagaram, ga ganuwar Daura ta bayyana da la'asar. Wanda ke riƙe da matsayin madugu ya ce zai shiga birni ya kai gaisuwa. Wanda ke matsayin malami ya ce, "Madugu uban tafiya, in muka kwana a nan, mutanen Zango za su ji kafin gari ya waye, kuma ta ƙasarsu za mu bi." Madugu ya juya ya ce, "Allah gafarta Malam, to mu kewaye?" Ɗan baka ya ce in an kewaye ta daji, ruwan salkunan ba zai kai su rijiya ta gaba ba. Sai wanda ke matsayin maƙeri ya dubi jagoran wasa ya tambaye shi: nawa ne kuɗin fito a ƙofa, wa ke karɓa, kuma da wuri za a biya ko da turmi?

A wannan tambaya maganar take. Ɗalibin da ke shirin jarrabawa zai haddace 1804 ya wuce. Jagoran wasa ba shi da wannan mafita, domin mutum huɗu sun zuba masa ido. Dole ya san cewa da wuri ake ciniki, cewa keso guda wuri 20,000 ne, cewa Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin dala ɗaya a kan wuri 2,500. Dole ya san aikin Sarkin Zango da na Sarkin Ƙofa, da bambancin Kaura da Galadima, da nisan da jaki mai kaya ke yi a yini. In bai sani ba yau, gobe zai je ya tambayi kakansa ko ya nemi littafi, don kada a sake ƙure shi. Ban san wata hanyar koyarwa da ke sa saurayi ya tashi da kansa ya nemi farashin gishirin Bilma na shekara 150 da suka wuce ba, in ba wannan ba.

Wannan zamani yana da wata fa'ida kuma. Babu ɓangaren da za a nuna a ce su ne mugaye. Mutumin birni yana da hujjarsa, na Zango yana da tasa, bafatake yana son hanya ta zauna lafiya ko wa ke mulki. Ɗan wasa zai koyi duba al'amari ta idon wanda ba nasa ba, abin da muke matuƙar bukata a yau.

Ƙarshen wannan zamani ma fage ne mai zaman kansa. Faransawa sun kama Zindar a 1899, Ingilishi suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, sannan suka zauna suka ja iyaka ta ratsa ƙasar Daura, wasu garuruwan suka faɗa Nijar. A waɗannan shekaru ne Ingilishi suka dawo da tsohon gidan sarauta, suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka naɗa shi a birni. Daga gare shi sarauta ta zo ga Abdurrahman, wanda ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, sai Muhammadu Bashar har 2007, sai Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwangwalam ya ga 'yan uwa suna gaisawa ta tsallaken iyaka ya san cewa labarin bai ƙare ba.

Inda ake taka tsantsan

Ba a ce komai ya halatta don an kira shi wasa ba. Akwai abubuwa uku da mai shiryawa zai riƙe. Na farko addini: ba a saka Annabawa ko Sahabbai, ba a mai da ayoyi makamin wasa, kuma Shehu da manyan malamai a bar su a matsayin waɗanda ake jin labarinsu daga nesa. Abubuwan al'ajabi a ɗauko su daga inda tatsuniya ta saba ɗaukowa, ko a bar su gaba ɗaya, domin ƙishirwa da 'yan fashi da makircin fada sun isa su riƙe labari. Na biyu bauta. Ƙarni na 19 cike yake da harin kama bayi, ayarin da ke zuwa arewa ba tufafi kaɗai yake ɗauka ba. Share wannan ƙarya ce, mai da shi abin nishaɗi kuma zalunci ne, sai a nuna shi da nauyinsa. Na uku, jikokin waɗannan gidaje uku suna raye, suna auratayya, suna zama a majalisa ɗaya. Shi ya sa ya fi kyau 'yan wasa su zama talakawa da fatake da almajirai na ƙirƙira, a bar sarakunan gaskiya a inda tarihi ya ajiye su.

Ɗan gida ne kaɗai zai iya auna waɗannan. Ma'aikacin kamfani a Istokholm ba ya jin abin da ɗan Baure ke ji in an ambaci Zango. Ya karanta abin da ya samu da Turanci, ya gina da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ita ce ƙarancin abin da muka rubuta muka ajiye inda za a same shi.

Abin da ya rage gare mu

Littafi mafi zurfi a kan sarautar Daura shi ne The Affairs of Daura na M. G. Smith, wanda ya fito a 1978, ya bi sarautu ɗaya bayan ɗaya da yadda aka yi zaman Zango da Baure. Da bakin dattawan Daura aka tattara shi, amma jikokinsu ƙalilan ne suka taɓa riƙe shi a hannu. Girgam, jerin sarakunan Daura, an fi jin sunansa fiye da ganinsa. Baƙon da ya je Kusugu zai ga ginin da aka yi wa rijiyar, a zura guga a ɗebo masa ruwa ya sha, a ba shi labarin maciji, ya tafi. Da wuya ya fita da wata takarda a hannu wadda za ta gaya masa abin da ya faru a shekaru dubun da suka biyo baya. Hukumomin da ke kula da al'adu sun fi mai da hankali ga bikin shekara da hawan Sallar Gani, waɗanda suna da kyau, amma kwana kaɗan ne a gama. Mu kanmu jama'a muna da namu sakacin: dattawan da suka ji labarin zamanin Zango daga bakin kakanninsu suna ta tafiya, wayoyin da za a naɗi muryarsu suna aljihunmu.

Aikin ba ya bukatar miliyoyi. Wasan kwamfuta yana cin kuɗi da ma'aikata, amma na tebur littafi ne guda: taswirar ƙasar Daura da garuruwanta da rijiyoyinta, jerin sarautu da aikin kowacce, sana'o'i goma sha biyu da ɗan wasa zai zaɓa, farashin kaya da wuri, da labarai uku ko huɗu na farawa. Daura tana da Kwalejin Yusufu Bala Usman, wadda ke ɗauke da sunan ɗaya daga cikin manyan masana tarihin ƙasar nan, tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri. Malamin tarihi ɗaya, da mai zane ɗaya, da marubuci ɗaya, da wani dattijo daga fada da zai duba musu kuskure, sun isa su fitar da bugun farko da Hausa. A gwada shi a makarantun sakandare na Daura da Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa, a ji tambayoyin da yara za su yi, a koma a gyara. Masarauta da gwamnatin Jihar Katsina kuma su ɗauki nauyin abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya: neman izinin fassara littafin Smith, da buga Girgam, da naɗar muryoyin dattawa tun suna da rai. Wanda ya shirya wasan zai amfana da waɗannan, haka ma malamin aji da mai shirya fim da duk wani baƙo da zai zo neman labarinmu nan gaba.